Adabin Gudun Hijira da Ƙaura a Jami'a

Adabin gudun hijira shi ne ƙagaggun labarai da waƙoƙi da tarihin rayuwa da suka ginu a kan mutanen da yaƙi ko bauta ko fari ko talauci ya raba da gidajensu. Ga ɗaliban Ikara da Makarfi da Kudan, babbar cibiyar nazarin adabi mafi kusa ita ce Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda aka kafa a 1962, inda ake karanta adabin Hausa da na Ingilishi a sassa daban-daban.

Mai nazari yakan fara da bambance kalmomi. Ɗan gudun hijira, bisa Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951, shi ne wanda ya tsallaka iyakar ƙasarsa saboda tsoron tsangwama. Wanda aka raba da muhallinsa amma bai bar ƙasarsa ba, Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta yi masa tanadi. Ɗan cin rani kuwa nema ne ya fitar da shi, da niyyar komawa gona idan damina ta faɗi.

Wannan jigo ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Nana Asma'u ta bayyana hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804 cikin Waƙar Gewaye. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya, labarin yaro ne da aka sace aka ƙetara da shi hamada, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. A littafin Baba of Karo na 1954, wata dattijuwa ta ba Mary Smith labarin yadda mahara ke kwashe mutanen ƙauyukan Zazzau da yadda dangi ke fansar nasu.

Daga nan ake kwatanta su da rubuce-rubucen zamani. Helon Habila, ɗan Kaltungo, ya bi rayuwar baƙin haure 'yan Afirka a Turai cikin Travelers na 2019. Abdulrazak Gurnah, wanda ya bar Zanzibar zuwa Ingila bayan juyin juya halin 1964, ya kuma koyar a Jami'ar Bayero a farkon shekarun 1980, ya sami kyautar Nobel a 2021, musamman saboda yadda ya nuna halin ɗan gudun hijira.

Tambayoyin da ake yi wa kowane littafi kusan iri ɗaya ne: wa ke ba da labarin, da wane harshe, me mutumin ya rasa, kuma yaya masu masauki suka karɓe shi? Rahoton hukuma yakan ƙidaya mutane da buhunan abinci, adabi kuwa yana nuna abin da ke zuciyar wanda aka ƙidaya. Shi ya sa fannin ke amfanar 'yan jarida da malaman makaranta da ma'aikatan agaji, a lokacin da rikicin Boko Haram da hare-haren 'yan bindiga suka tilasta wa ɗimbin jama'ar Arewa barin garuruwansu.