Waya a Hannun Manomi: Asarar da Ba Ta Shiga Lissafi

Tun daga 2012, lokacin da ministan noma na Nijeriya Akinwumi Adesina ya ɓullo da rabon takin gwamnati ta saƙon wayar salula, ake auna nasarar fasahar zamani a noma da yawan manoman da aka yi wa rajista da buhunan da aka raba. Wannan maƙala tana ganin ma'aunin ya gaza, domin abin da ya shiga kwamfuta kaɗai yake ƙirgawa.

A rahotonta na 2023, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa ɓoyayyiyar asarar da tsarin noma da abinci ke jawo wa duniya ta kai aƙalla dala tiriliyan 10 a shekara, ta fuskar lafiya da muhalli da talauci. Babu ko kwabo na wannan asara da ke fitowa a farashin kasuwa.

A Kano asarar tana da fuska uku. Ta farko, wariya. Shirin lamunin Anchor Borrowers na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka ƙaddamar a 2015, a lokacin da yake aiki ya dogara ga asusun banki da lambar BVN. Matar da ke turara shinkafa a Kura, da ɗan ƙodagon da ke dashen tumatir a Kadawa, guminsu yana cikin buhu amma sunansu ba ya cikin rajista. Ta biyu, muhalli. Manhaja tana iya gaya wa manomi yawan takin da zai zuba, amma ba ta lissafa maganin feshin da ke gangarawa magudanar ruwa, ko ragowarsa a kayan miyan da magidanci ke saya a Gyadi-Gyadi. Ta uku, tarkacen na'urorin kansu. Kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni tana sayarwa tana gyarawa, amma mataccen batir da fasasshen gilashi galibi bola suke ƙarewa.

Masu goyon bayan rabon taki ta waya suna cewa ya rage karkatar da taki, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Sai dai toshe kafar sata daban, ɗorewar noma daban.

Saboda haka ya kamata hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, KNARDA, da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero su fito da ma'aunin da zai haɗa ƙarfin ƙasa, tsabtar ruwa, bashin da ke wuyan manomi, da adadin waɗanda aka bari a baya. Kafin a faɗaɗa kowane shiri, a fara wallafa wannan lissafi.