Kakaki

Kakaki abin busa ne na ƙarfe, dogo ƙwarai, wanda maƙera ke haɗa shi gaɓa-gaɓa daga farin ƙarfe ko tagulla, kuma a al'adar ƙasar Hausa ba a busa shi sai domin sarki. Littafin Tarihin Kano ya jingina shigowarsa ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, tun daga nan kuwa ya zama alamar sarauta a fadojin ƙasar Kano.

Abin mamaki a sha'aninsa shi ne, ko da yake muryoyinsa ƙalilan ne, mabushi yakan ɗauki kirarin sarki, wanda asalinsa lafazi ne na baki, ya bi hawa da saukar kalmomin da busa, har mai sauraro da ya san kirarin ya fahimci ma'anar ba tare da an furta harafi ba. Turawa ma suna da makamancin haka, domin a Faransa an mai da waƙoƙin Gabriel Fauré, wanda ya rasu a 1924, zuwa busar ƙaho tare da piyano. Sai dai su karin waƙar kaɗai ƙahon ke ɗauka, kalmomin kuwa su faɗi, saboda Faransanci ba ya rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya kamar Hausa.

Galibi ana busa kakaki daren Jumma'a a ƙofar fada, da ranakun hawan salla, tare da algaita da farai da ganguna.