Lambar da ke Gefen Taya: Yadda Tsofaffin Babura Suka Zarce Lissafin Masu Doka

A shekarar 1971 gwamnatin Amurka ta wajabta wa masu ƙera taya su riƙa buga wata doguwar lamba a gefen kowace tayar da za a sayar a ƙasar. Lambar tana farawa da haruffan DOT, taƙaitaccen sunan Ma'aikatar Sufurin Amurka, sai alamar masana'antar da ta yi tayar, sai ta girmanta, daga ƙarshe kuma mako da shekarar da aka ƙera ta. An kafa dokar ne domin idan aka gano aibi a wani rukuni na tayoyi a san waɗanda za a janye daga kasuwa. Sanar da mai saye shekarun taya bai kasance cikin lissafin ba. Da yake Amurka babbar kasuwa ce, kamfanonin Turai da Japan suka bi tsarin, har ya zama ruwan dare a duniya.

Wannan manufa ta farko ita ta haifar da giɓin da masu tsofaffin babura ke fama da shi har yau. Alƙaluma uku kacal aka ware wa kwanan wata: biyu na mako, ɗaya na shekara. Tayar da lambarta ta ƙare da 327 an yi ta ne a mako na 32 na shekarar da ta ƙare da 7, amma ko 1977 ce, ko 1987, ko 1997, lambar ba ta faɗa. Waɗanda suka tsara ta sun ɗauka babu tayar da za ta kai shekara goma tana aiki, domin kafin nan ta suɗe. A shekarun 1990 kamfanoni da dama suka ƙara 'yar alwatika bayan alƙaluman don bambanta su da na shekarun baya. Sai a shekarar 2000 aka koma alƙaluma huɗu, ta yadda 3217 ke nufin mako na 32 na shekarar 2017. Saboda haka duk tayar da aka gani da alƙaluma uku a yau ta haura shekara ashirin da biyar, ko da zanenta bai taɓa kwalta ba.

Zaton masu dokar ya yi daidai a kan motar da ke fita kullum. Babur ɗin da aka jingine a gareji, ana fito da shi sau biyu ko uku a shekara, shi ne ya rushe lissafin, domin tayarsa ba ta suɗewa, tsufa take yi. Tun da Charles Goodyear ya yi rajistar dabararsa ta dafa roba da farar wuta a 1844, ƙarfin taya da laushinta sun dogara ne ga yadda farar wutar ke ɗaure zaruruwan roba da juna. Iskar oksijin da zafi suna ci gaba da wannan ɗauri sannu a hankali har roba ta ƙandare, yayin da ozon ke tsattsaga fatarta. Masana'antu suna zuba kaki da wasu sinadaran kariya a cikin robar, waɗanda ke tasowa zuwa sama idan taya tana juyawa tana lanƙwasa. Tayar da ke ajiye ba ta samun wannan sabuntawa. Mota tana da tayoyi huɗu da ke rufa wa juna asiri, babur kuwa a kan biyu yake, kuma abin da kowace ke taɓawa na ƙasa bai kai tafin hannu ba. Ƙandararriyar roba tana iya tafiya lafiya a miƙaƙƙiyar hanya, ranar da aka taka burki a jiƙaƙƙiyar kwana ake sanin halinta.

An daɗe kafin hukumomi su ɗauki tsufan taya da muhimmanci. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan shida da rabi, galibinsu na motar Ford Explorer, bayan haɗurran da suka fi yawa a jihohin kudancin Amurka masu zafi. Binciken da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta yi daga baya a kan tayoyin da ta tattaro daga birnin Finiks na jihar Arizona ya tabbatar da cewa zafin gari yana gaggauta tsufar roba, darasin da ya shafi Sakkwato da Maiduguri da Agadas kai tsaye. A Ingila, wata bas ta yi haɗari a 2012 da tayar da ta haura shekara 19, mutum uku suka rasu, kuma sai a watan Fabrairun 2021 aka haramta sa tayar da ta wuce shekara goma a gaban manyan motoci da bas-bas. Dokar ba ta haɗa da babura ba. Abin da mai babur ke da shi shi ne shawarar masana'antu: Michelin, alal misali, yana cewa a riƙa kai taya ga ƙwararre duk shekara da zarar ta yi shekara biyar tana aiki, a kuma cire ta idan ta cika goma daga ranar ƙerawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya ta fi tsanantawa, shekara huɗu take faɗa a faɗakarwarta, abin da ya sa wasu ke karanta lambar a matsayin ranar ƙarewar wa'adi, alhali ranar haihuwa ce.

Sanin cewa taya ta tsufa shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wajen neman magajiyarta, domin yaren da ake rubuta girman taya da shi ya sauya. Honda CB750 na 1969 ya fito da 3.25-19 a gaba da 4.00-18 a baya. Lambar farko faɗin taya ce da inci, ta biyu kuma girman wili, kuma a wancan tsari tsayin gefen taya kusan daidai yake da faɗinta. Tsarin yau da milimita yake: 110/90-18 na nufin faɗi milimita 110, tsayin gefe kashi 90 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 99. Inci huɗu kuwa kusan milimita 102 ne, shi ya sa ake ɗaukar wannan a matsayin makusanciyar 4.00-18. Kusanci ne kawai. Bambancin 'yan milimita a tsayin tayar gaba ko ta baya yana sauya yadda babur ke zama da yadda yake shiga kwana, ƙarin faɗi kuma yana iya sa taya ta goga sarƙa ko madugad.

Siffar taya ma tana da nata tarihin. A gasar TT ta tsibirin Man ta 1969, Malcolm Uphill ya zama mutum na farko da ya zagaye hanyar tseren, mai tsawon sama da kilomita 60, da matsakaicin gudun da ya haura mil 100 a awa a kan babur irin na kasuwa. Triumph Bonneville ya hau, tayoyinsa kuma Dunlop K81 ne, masu kaifin tsakiya da faffaɗan gefe, waɗanda ke ƙara kama ƙasa idan babur ya karkata. Dunlop ya sauya wa tayar suna zuwa TT100 don tunawa da ranar. Shekaru da dama bayan nan an ci gaba da buga wannan zane, da na K70, da Speedmaster na kamfanin Avon, saboda masu tsofaffin babura, amma da haɗin roba na zamani. Wannan ita ce mafita mafi dacewa ga mai son babur ɗinsa ya riƙe kamanninsa na asali: zanen 1969 a kan robar da aka dafa bana. Masu farautar tayar asali da ba a taɓa ɗaurawa ba, wadda ta kwana shekara arba'in a sito, abin ado suke saye, kuma wurin baje koli ya dace da ita.

Babban rabuwar hanya ta zo a 1987, lokacin da Michelin ya fitar da tayar babur ta radiyal zuwa kasuwa. Kafin nan zaruruwan cikin taya a gicciye ake shimfiɗa su, gefenta ya yi tauri, kuma a kan wannan tauri injiniyoyi suka auna firam da shokozoban baburan wancan zamani. Radiyal tana da gajeren gefe mai laushi, tana kuma son faffaɗan wili. Wilin tsofaffin baburan Ingila da Japan siriri ne, yawanci inci 1.85 ko 2.15 a faɗi. Idan aka cusa masa faffaɗar taya, bakinsa yana matse ta har bayanta ya tattare, wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru. Kwaɗayin babbar taya a kan ƙaramin wili ya ɓata tafiyar babura masu yawa, kuma littafin da ya zo da babur ɗin ya fi idon mai shi sanin abin da ya dace.

Sauran sharuɗɗan duka a rubuce suke a gefen tayar. Bayan girma akwai lambar nauyi da harafin gudu: 57 na nufin kilo 230, S kilomita 180 a awa, H kuma 210, kuma bai kamata sabuwar taya ta gaza abin da masana'antar babur ta ƙayyade ba. Wili mai sifok ba ya riƙe iska da kansa, don haka sai da tif, ko da an rubuta a tayar cewa ba ta buƙatarsa. Tif ɗin da ƙyallen robar da ke rufe kawunan sifok suna tsufa tare da tayar, tare kuma ake sauya su. Girman da ake nema kullum, irin 2.50-17 na ƙananan Honda ko 3.50-10 na Vespa, ba ya daɗewa a shago. Amma 3.25-19 tana iya shekaru a kan kanta kafin mai nemanta ya zo, har a miƙa masa ita a naɗe cikin ledarta a matsayin sabuwa. Lambar DOT cikakkiya sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga ta, don haka wani lokaci sai an juya tayar kafin a ga alƙaluma huɗun.