Sabuntar fatar ɗan Adam

Sabuntar fata ita ce yadda saman fatar mutum ke sauya kansa ba tsayawa. Ƙwayoyin halitta na can ƙasan wannan shimfiɗa suna rabuwa, sababbi su turo tsofaffi sama. A hanya sukan cika da sinadarin keratin, su mutu, su kaɗe. Zagayen kan ɗauki kimanin mako 4 ga matashi, ya ƙara jinkiri da tsufa.

A garuruwan Sokodé da Dapaong, iskar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu takan busar da matattun ƙwayoyin, fata ta yi furu-furu, shi ya sa ake shafa man kaɗe. Tsagar gado kuwa ba ta gogewa, domin askar wanzami takan kai shimfiɗar ciki, wadda ke warkewa da tabo.