Daga Daɓe zuwa Tayil: Tarihin Shimfiɗar Ɗaki a Ƙasar Kazaure

Kafin siminti ya shigo ƙasar Kazaure, ƙasan ɗaki daɓe ne, kuma aikin mata ne. Idan an gama ginin ɗakin amarya, sai a zubo tsakuwa ko marmara a baje, a yayyafa ruwa, matan unguwa su durƙusa a jere da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasar ta kwanta. Daga nan a kawo ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a riƙa shafawa ana ƙara bugu. Makubar ce ke sa daɓen ya yi duhu, ya yi sheƙi, ya yi taurin da tsintsiya ba ta kankare shi. Haka ake yi a Kazaure tun zamanin Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar wajen 1819, haka kuma a Roni da Gwiwa, da Babura ta bakin iyakar Nijar.

Abokiyar zaman daɓe ita ce tabarmar kaba. Kaba ganyen ƙaramar goriba ce, wadda ba ta wuya a jigawar wannan yanki. Akan yanko ta a shanya, a tsaga ta siri-siri, a saƙa dogon ɗauri mai faɗin tafin hannu, sannan a harhaɗa ɗaurin gefe da gefe har ya zama tabarma. Mai son ado yakan rina wani sashe da karan dafi ya fito ja. Aiki ne na rani, lokacin da aka gama da gona, kuma ranar kasuwa ake ɗauko su a nannaɗe.

Abin lura shi ne yadda su biyun suka dace da juna. Tabarma tana da ƙofofi, iska na ratsa ta, don haka duk laimar da daɓe ya tsotso da damina tana samun hanyar fita. Ba ta da nauyi, ba a kuma manna ta da komai. Da safe a naɗe ta a jingine, a share ɗaki, a ga ko gara ta fara gini a ƙarƙashi. Domin gara ita ce babbar abokiyar gaba, kwana biyu kacal tana iya cinye tsakiyar tabarmar da aka manta a ƙasa. Wannan naɗewar ta kullum, wadda ba wanda ya ɗauke ta wata dabara, ita ce ta riƙa tsare daɓe shekara da shekaru.

Shimfiɗa kuma tana nuna matsayi. Malami na da buzunsa na fatar rago. Sarki na zama bisa kilishi, irin dardumar da fatake suka riƙa kawowa a da daga Arewacin Afirka ta hanyar Gadamus zuwa kasuwar Kurmi a Kano. Talaka kuwa da ya zo gaisuwa, ƙasa yake zubewa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turai suka fara kwararowa, kuma Kazaure, da take kan hanyar Kano zuwa Daura, ba ta daɗe ba ta gan su. Siminti ya fara da ofisoshi da gidajen masu hali, sai a shekarun 1970, zamanin kuɗin man fetur, ya zama ruwan dare. Da shi leda ta zo, ta shiga cikin kayan ɗakin amarya, 'yan jere suka riƙa malala ta bango zuwa bango. Kafet ya biyo baya, sai tabarmar roba da masana'antun Kano ke yi, wadda ta karya kasuwar kaba saboda araha da jure ruwa. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 da yawaitar sababbin gine-gine, tayil ya zama abin yayi.

A nan ne matsalar da magabata ba su sani ba ta ɓullo. Leda ba ta numfashi. Idan aka shimfiɗa ta a kan simintin da bai gama bushewa ba, ko ɗakin da aka gina ba tare da tare laima daga ƙasa ba, ruwan sai ya taru a ƙarƙashinta. Wanda ya taɓa ɗaga tsohuwar leda a watan Agusta ya san abin: wari ya bugo, ƙasan ya yi baƙi da funfuna, saman simintin yana marmashewa kamar gari. Kafet mai bayan roba ya fi wannan ɓarna. Zafin bazara kan narkar da robar ta liƙe, idan kuwa a kan leda aka ɗora shi, sai ya bar mata tabo rawaya wanda sabulu ba ya fitarwa. Gam ɗin da masu shimfiɗa ke zubawa don kada kafet ya motsa, ranar cirewa da fatar siminti yake tafiya. A kan tayil kuma, yashin da iskar hunturu ke turawa ƙarƙashin darduma shi ke goge sheƙin a hankali duk lokacin da aka taka.

Shi ya sa masu gini da suka san aikinsu ke ba da shawarar a bar sabon siminti ya yi makonni yana bushewa kafin a rufe shi, a zaɓi darduma mai bayan zare ko auduga maimakon roba, a guji gam, a kuma yanki shimfiɗar da mutum ɗaya zai iya ɗagawa ya kai rana. A ƙauyukan Roni da Gwiwa har yanzu akwai ɗakunan daɓe, kuma tabarmar kaba ce a kansu, ana naɗe ta kowace safiya.