Maganar Farko a Gaban Alƙali

'Yan uwana mata, sau nawa muke jin mace ta dawo daga kotu tana kuka, wai alƙali bai saurare ta ba? Wani lokacin da gaskiyarta. Amma sau da yawa tun a maganar farko ta zubar da shari'arta, wato wajen da'awa.

Abin ya samo asali. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, alƙalanmu da littattafan Malikiyya suke hukunci, irin su Muhtasar da Tuhfa ta Ibn Asim, malamin Andalus da ya rasu a 1426. Ƙa'idarsu ita ce ba a sauraron da'awar da ba ta fito fili ba. In kika ce "ina bin sa kaya" kika yi shiru, ba ki ce komai ba. Sai kin faɗi mene ne, nawa ne, ta yaya ya hau kansa. Sannan a juya gare shi, ko ya amsa ko ya musa. In ya musa, kawo shaidu naki ne. In babu, ya rantse ya kama gabansa.

Ki duba rabuwar aure, inda abin ya fi cin mu. Wadda ta ce "ni dai na gaji, a raba mu", hul'i ta nema, ita za ta fanshi kanta, galibi da mayar da sadaki. Wadda ta ce yana dukanta, ko ya bar ta ba ci ba sha, ta kuma tabbatar da hakan, alƙali na iya raba auren ba ta biya ko sisi ba. Ta yiwu wahalar tasu iri ɗaya ce, kunya ce kawai ta hana ta farkon faɗa. Wallahi wannan kunyar ta ci sadakin mata da yawa.

Da Turawa suka zo ba su rushe kotunan alƙalai ba, sun bar su ƙarƙashin En'e, suka dai matsa a riƙa rubuta shari'u. Shi ya sa har yau akwai rubutattun shari'un majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, da Larabci. A nasu kotunan kuwa, wanda Babbar Kotu ta gada, lauya ne ke rubuta da'awa, ɗaya ɓangaren ya rubuto amsa, kuma abin da ba a rubuta ba ko kin kawo shaida a kansa ba za a karɓa ba.

A 1968 aka mayar da kotunan alƙalai kotunan yanki a hannun gwamnati, a 2000 kuma Kano ta koma kotunan shari'ar Musulunci. Suna ya sauya, amma a can har gobe mace na iya tsayawa ta yi da'awarta da bakinta ba lauya, a rubuta abin da ta faɗa. In aka ɗaukaka ƙara, wannan rubutun ne alƙalan sama za su buɗe su karanta.