Jinin da Ake Wanke Bagade da Shi

Bayan Babbar Sallah wani mai karatu ya aiko mana da tambaya: shin yankan da Bani Isra'ila ke yi a zamanin da irin layyarmu ne? Akwai kama, musamman a hadayar salama, wadda mai dabba ke cin namanta tare da iyalinsa, firist ya ɗauki ƙirji da cinyar dama, a ƙone kitsen. Amma nauyin ibadarsu ba a kan nama yake ba. Yana kan jini, da wurin da ake kai jinin, wato bagade.

Attaura ta ce idan da dutse za a gina shi, kada ƙarfe ya taɓa dutsen. Kwana 7 ake yi ana keɓe shi, kullum a kayar da bijimi guda. Littafin Firistoci ya nuna Annabi Musa yana yayyafa wa bagaden man keɓewa sau 7, sannan ya tsoma yatsa a jinin bijimin ya shafa wa ƙahonin da ke kusurwoyinsa, ragowar ya zuba a gindi. Da aka yanka rago kuma, sai ya ɗiga wa Haruna jinin a leɓen kunnen dama, da babban yatsan hannu, da na ƙafa.

A kan ma'anar wannan jinin ne masana suka rabu. Fahimtar da ta fi yaɗuwa ita ce dabbar tana mutuwa ne a madadin mai laifi, shi ya sa yake ɗora hannu a kanta. Marigayi Jacob Milgrom, malamin Yahudawa da ya koyar a Berkeley ta Amurka, ya ga abin ta wata fuskar. A hadayar zunubi, in ji bincikensa, ba a shafa wa mai laifin jini ko ɗigo. Bagade da ɗaki mai tsarki ake shafa wa. Laifin jama'a ƙazanta ne da ke taruwa a ɗakin Allah, jinin kuwa shi ne abin wanki.

Ni hujjarsa ta fi kwanta mini. Matalaucin da bai da halin tunkiya an yarda ya kawo kurciya biyu, wanda ko wannan ya gagara ya kawo gari, kuma a karɓa. Ina ran da gari zai bayar? Bunsurun da ake ɗora wa zunuban jama'a a Ranar Kafara ma ba a yanka shi, jeji ake kora shi da ransa.

Abin da ya faru a Birnin Ƙudus ya ƙara fito da batun ƙazantar bagade fili. A shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Antiyokus na Huɗu ya sa aka kafa bagaden gumaka a kan na Haikali, wato ɗakin ibadar Yahudawa. Bayan shekara 3 jagoran Yahudawa Yahuza Makabi ya ƙwato wurin, sai firistoci suka rasa yadda za su yi da duwatsun bagaden Haikalin. Sun ƙazantu, ba a sake yanka a kansu. An taɓa keɓe su ga Allah, ba a zubar da su a juji. Suka rushe bagaden, suka adana duwatsun a kan tudun Haikali har ranar da wani annabi zai zo ya yanke hukunci. Suka gina sabo da duwatsun da ba a sassaƙa ba, aka yi kwana 8 ana biki. Shi ne Hanuka da Yahudawa ke yi har gobe.

Rumawa sun rushe Haikalin a shekara ta 70 Miladiyya, yanka ya tsaya, addu'a da karatu suka maye gurbinsa. Samariyawa kuwa sun riƙe yankan Idin Ƙetarewa, kowace shekara a kan Dutsen Gerizim, kusa da Nablus.